Waiwaye: Ciki ke ciwo, jini ke kayar da doki

Bayan kowace Sallah, idan ƙurar hawa ta kwanta, an kwance sirada, an naɗe kayan ado an mayar da su adaka, akwai wani labari da ba ya shiga rediyo amma yana zaga gidajen masu dawaki daga Garu a Dutse har ƙauyuka: dokin wane ya faɗi. Idan ka tambayi abin da ya same shi, amsar ɗaya ce tun muna yara, ciwon ciki. Daga nan sai a yi wa mai shi jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, a ja gawar a kai bayan gari. Ba mai ƙara tambaya, domin a ganinmu an riga an faɗi dalili.

Na daɗe ina jin wannan amsa, kuma ba ta ishe ni ba. Gaskiya ne daga ciki ciwon ke tashi. Amma dokin da ciwon ciki ya kai shi ƙasa, galibi jininsa ne ya riga ya lalace: ya yi kauri, fararen ƙwayoyinsa sun ɓace daga inda ake buƙatarsu, ya shiga daskarewa a cikin jijiyoyi tun dabbar tana tsaye. Tsakanin fara murɗar ciki da lalacewar jini akwai 'yan sa'o'i, kuma a cikin waɗannan sa'o'in ne muke asarar dawakinmu.

Dutse ta zama hedikwatar jiha a 1991, tituna suka buɗe, motoci da babura suka cika gari, amma doki bai sauka daga matsayinsa ba. A zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya yi mulki daga 1995 zuwa 2023, da kuma yanzu a zamanin ɗansa Sarki Hameem Nuhu Sanusi, hakimai da dagatai daga Birnin Kudu, Gwaram, Kiyawa, Jahun, Buji da Miga suna shigowa da dawakinsu duk Sallah, ga na fadawa, ga na samari masu sha'awar kilisa. Da yawa daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ake sayo su, wasu ma daga Nijar suka tsallako. Abin da ya sauya shi ne rayuwar dokin kansa. A da abin hawa ne na kullum. Dagaci ya hau shi ya zaga ƙauyuka, a hau shi zuwa gona, zuwa kasuwa, zuwa ɗaurin aure. Cikinsa ya saba da motsi, abincinsa yawanci ciyawa ce da harawa, hatsi ɗan ƙari ne. Yau mota da babur sun karɓe wannan aiki. Doki na ɗaure a turke mafi yawan shekara, sai Sallah ta ƙarato a shiga tura masa dawa da gero da dusa don ya yi ƙiba ya yi sheƙi, sannan a ɗora masa kaya masu nauyi a tsayar da shi sa'o'i cikin rana. Daga 2020 zuwa 2025, tsakanin ƙarshen Maris da Mayu Ƙaramar Sallah ta riƙa faɗowa, lokacin da zafin Dutse ke haura digiri 40. Dokin da ke aiki cikin irin wannan zafi yana iya zubar da gumi lita 10 ko fiye a sa'a guda.

Dokin da ya fi tsaya mini a rai wani bikili ne na wani dattijo maƙwabcinmu. Ya dawo daga Hawan Bariki jiƙe sharkaf da gumi, aka kwance shi, aka zuba masa dawa da dusa fiye da kullum don a saka masa wahalar da ya sha. Bayan isha'i ya fara tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa, ya kwanta ya tashi, ya buɗe ƙafafu zai yi fitsari ya fasa. Aka jiƙa kanwa aka ɗura masa, aka bi da man gyaɗa. Da abin ya ƙi, wani ya kawo allurar kashe zafi da ya sayo a kemis, aka yi masa. Doki ya lafa, kowa ya yi hamdala aka tafi aka kwanta. Da asuba aka tarar ya yi birgima har ya kuje fuska, aka sake yi masa allurar, ya sake lafawa. Sai da rana ta take, doki ya tsaya shiru kansa a sunkuye, kunnuwa da ƙafafu sun yi sanyi, sannan aka nemo likitan dabbobi.

Likitan, wani matashi, bai fara da ciki ba. Leɓen dokin ya ɗaga ya duba dasashi. Ya yi ja wur mai duhu, ga wani layi mai launin shuni ya bi gindin haƙora. Ya danna da babban yatsa ya saki, launin ya daɗe bai dawo ba. Ya sa yatsa ƙarƙashin muƙamuƙi ya ƙirga bugun jini, ya girgiza kai. Da ya soka allura a jijiyar wuya, jinin baƙi-ƙirin ya fito, da kyar yake tafiya.

"Baba, tun yaushe ya fara?"

"Tun daren jiya, Likita. Amma ai ya samu sauƙi, ga shi ma ya daina birgima."

"Baba, a yi haƙuri, wannan ba sauƙi ba ne. Hanjin da ke masa ciwo ne ya mutu, shi ya sa ya daina ji. Yanzu abin ya bar ciki, ya shiga jini."

Dattijon ya roƙe shi ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kuwa yi. Ya ɗaura ƙarin ruwa, ba a jima ba jijiyar ta toshe, ya koma ɗaya gefen. A wurin da ya zare allurar farko kuma jini ya riƙa tsattsafowa ya ƙi tsayawa. Ƙananan ɗigo-ɗigon ja suka bayyana a dasashi da cikin fatar ido. Kafin magariba doki ya faɗi, jini na fita ta hanci. A majalisar unguwa aka ce baki ne ya kama shi, don an yaba shi da yawa ranar hawa. Ban ga laifin masu faɗin haka ba. Jinin da ke daskarewa a cikin jijiya, a lokaci guda kuma ya ƙi daskarewa a bakin rauni, abin mamaki ne ga duk wanda ya gani. Sai dai abin yana da bayani, kuma bayanin ya kamata duk mai doki ya san shi.

Doki ba ya amai. Ƙofar da ke tsakanin maƙogwaronsa da tumbi tana barin abinci ya shiga, ba ta barinsa ya dawo. Tumbin kuwa ƙarami ne a jikin dabba mai wannan girma, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka. Bayansa akwai ƙaramin hanji da ya kai mita 20 ko fiye, sannan manyan hanji masu ɗaukar sama da lita 100, waɗanda suke naɗe, suna da wuraren da suka tsuke, kuma babban ɓangarensu ba a ɗaure yake da bangon ciki ba. Shi ya sa abinci ke iya cushewa ya tsaya, iska ta kumbura hanji, ko hanjin ya gusa daga mazauninsa ya murɗe. A cikin manyan hanjin nan ƙwayoyin bakteriya ba iyaka suke zaune, su ke narka wa doki ciyawa. Da yawansu suna ɗauke da wani dafi a jikin fatarsu, wanda wani likita Bajamushe, Richard Pfeiffer, almajirin Robert Koch, ya raɗa wa suna endotoksin a 1892 yayin da yake nazarin kwalara. Muddin bangon hanji na da lafiya, dafin nan a ciki yake zama, ya fita tare da kashi. Idan hanji ya murɗe jini ya daina isa gare shi, ko ya kumbura ya miƙe fiye da kima, ko hatsin da aka cika wa doki ya wuce ƙarfin ƙaramin hanji ya zube cikin manya ya yi tsami ya kashe bakteriyar da yawa a lokaci guda, sai bangon ya fara yoyo, dafin ya tsallaka cikin jini. Doki yana cikin dabbobin da suka fi kasa jure wannan dafi. Ɗan kaɗan ya ishe shi.

Abin da ake fara gani shi ne kaurin jini. Duk matar da ta taɓa zuwa awon ciki ta san gwajin da ake kira PCV, wanda ke nuna kashi nawa cikin 100 na jini jajayen ƙwayoyi ne. A lafiyayyen doki yakan kama daga 32 zuwa 45. Hanjin da ya toshe yana janye ruwa daga jijiyoyi ya tara a cikinsa, dafin kuma yana sa jijiyoyin kansu su riƙa zubar da ruwa, ga gumin da aka riga aka yi asara. Jajayen ƙwayoyin ba su ƙaru ba, ruwan da suke iyo a ciki ne ya ragu. Idan ma'aunin ya haura 50, doki na buƙatar ruwa da gaggawa. Idan ya wuce 60, kaɗan ne ke tashi. Likita mai lura ba ya dogara da wannan adadi shi kaɗai, domin saifar doki tana ajiye jajayen ƙwayoyi masu yawa, tsoro ko zafin ciwo kawai na iya sa ta matse ta zubo su cikin jini adadin ya hau. Don haka yakan haɗa da awon furotin na ruwan jini. Idan duka biyun sun hau, ƙarancin ruwa ne. Idan kauri na hawa furotin na sauka, hanji ne ke zubar da shi, kuma wannan mugun labari ne.

A nan akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Dawakinmu da yawa suna yawo da ƙarancin jini ba tare da an sani ba, saboda tsutsar ciki, da cutar da kaska ke sa wa mai fasa jajayen ƙwayoyi, da sammore. Dokin da a kwanakin lafiyarsa ma'auninsa bai wuce 26 ba, idan ciwon ciki ya kai shi 40, takarda za ta nuna lafiya lau alhali ya riga ya bushe. Ba mai gane haka sai wanda ya san adadinsa na asali. Shi ya sa nake ganin awon jinin doki tun yana lafiya, a rubuta a ajiye, ya fi sabon jalala amfani a gare shi.

Fararen ƙwayoyin jini su ne masu yaƙi da cuta, kuma mun saba jin cewa idan cuta ta shiga jiki yawansu ƙaruwa yake yi. A wannan hali akasin haka ake fara gani. Lafiyayyen doki yana da 5,000 zuwa 12,000 a kowane mikrolita na jini. Da dafin ya shiga, irin waɗanda ake kira nitirofil sai su manne a bangon jijiyoyi, wasu su fice zuwa hanjin da ya lalace, adadin da ke yawo ya faɗo zuwa 3,000 ko ƙasa da haka. Ɓargo ya shiga turo waɗanda ba su gama nuna ba, kuma a ƙarƙashin madubin likita ana ganin yadda dafin ya sauya musu kama. Waɗanda suka manne ɗin ba zaman banza suke ba. Suna sakin sinadaran da aka tanada don kashe ƙwayoyin cuta, sai ya zama bangon jijiyar da suke kai suke ƙonawa.

Daga nan ne maganar daskarewa ke shigowa, kuma nan ne ainihin haɗarin yake. Allah ya tsara jini da dabarar toshe rauni. Idan jijiya ta yanke, wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira filatilet sukan taru su liƙe bakin, sannan wasu furotin da hanta ke sarrafawa su tayar da juna ɗaya bayan ɗaya har a samu zaren fibirin da zai ɗaure gudan jinin. Akwai kuma birki, babbansa shi ne antitirombin, da ke hana aikin wuce wurin rauni, akwai masu narkar da gudan idan an warke. Alamar da ke tayar da wannan aiki duka a ɓoye take a bayan bangon jijiya, jini ba ya haɗuwa da ita sai an ji ciwo. Abin da dafin hanji ke yi shi ne ya sa wasu fararen ƙwayoyi su fito da wannan alama a jikinsu suna yawo da ita cikin jini. Jiki sai ya ɗauka ko'ina rauni ne. Ana danganta wa wani Bajamushen da ya rayu a ƙarni na 19, Rudolf Virchow, bayanin abubuwa uku da ke sa jini daskarewa a cikin jijiya: tafiyarsa ta yi sanyi, bangon jijiya ya ji rauni, jinin kansa ya karkata ga daskarewa. Dokin da ciwon ciki ya yi wa nisa ya haɗa duka ukun.

Sai ƙananan gudaje su bi siraran jijiyoyi suna toshewa, a ƙoda, a huhu, a hanta, a sauran hanjin da ke da lafiya. Gaɓoɓin su rasa jini su fara gazawa ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka filatilet na ƙarewa, furotin ɗin daskarewa na ƙarewa, birkin ma na ƙarewa. Kamar magini ne da aka ba ƙasa don ya riƙa toshe ɓaraka a katanga, sai ya bi ƙofofin gidan duka ya liƙe. Mutanen ciki sun rasa mafita, ranar da katanga ta tsage da gaske kuma babu ƙasar da ta rage. Likitoci na kiran wannan hali DIC. Shi ne abin da muka gani a jikin bikilin nan, jijiya na toshewa, ramin allura na zubar da jini. A doki toshewar ta fi yawa, zubar jinin a ƙarshe take zuwa, kuma idan ta zo yawanci an makara. Amma tun kafin ido ya ga komai, gwaji na nunawa: filatilet sun faɗo ƙasa da 100,000, jini na ɗaukar lokaci fiye da kima kafin ya daskare a kwalbar gwaji, antitirombin ya ragu, ɓurɓushin gudajen da suka narke ya ƙaru. Akwai kuma awon laktet, da ake yi da 'yar na'urar hannu irin ta masu ciwon suga, wanda ke nuna ko jini na isa ga naman jiki. A lafiyayyen doki bai kai 2 ba. Idan ya haura 6 ko 7, lamarin ya yi tsanani.

Wanda ya tsallake wannan ma bai gama fita ba. Jijiyar wuya da aka yi ta soka tana iya toshewa ta sandare, idan kuwa duka gefen biyu ne, kai ya kumbura. Mafi muni shi ne ciwon kofato. Kwana ɗaya ko biyu bayan an ce doki ya warke, sai a ga yana tsayuwa yana jan jiki baya, ya ƙi takawa, kofatan gaba sun yi zafi. Naman da ke riƙe ƙashin ƙafa da kofato ne ya kumbura yake sakin jiki, sakamakon abin da ya faru a jini. Da yawa daga dawakin da ake cewa sun gurgunce bayan jinya, wannan ne ya same su. Masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya sun nuna a farkon shekarun 2000 cewa tsoma ƙafafun doki cikin ruwan ƙanƙara ba yankewa, tun kafin ciwon ya bayyana, yana kare shi sosai. Ƙanƙara kuwa ana sayar da ita a Dutse.

Wani lokaci lamarin juyawa yake yi, jini ya fara, ciki ya biyo baya. Akwai wata tsutsa mai suna Strongylus vulgaris da doki ke haɗiye 'ya'yanta tare da ciyawa. Sukan huda bangon hanji su shiga jijiya, su bi ta har babbar jijiyar da ke shayar da hanji, su zauna can watanni. Wurin da suka zauna sai ya kumbura jini ya daskare, wani guntun gudan ya ɓalle ya toshe reshe, yankin hanjin da ke dogaro da wannan reshe ya mutu. A da tana cikin manyan masu kashe dawaki a duniya. Abin da ya karya ta shi ne maganin aibamektin, wanda ya fito kasuwar dabbobi a 1981 daga binciken Satoshi Omura na Japan da William Campbell, aikin da ya kai su ga samun kyautar Nobel a 2015. Shi ne dai maganin da ake rabawa a ƙauyukanmu da sunan Mectizan don cutar makantar kogi. Inda ake ba dawaki maganin tsutsa a kan ƙa'ida, wannan nau'in ciwon ciki ya ja baya ƙwarai. Dokin da aka sayo daga kasuwa ba a san tarihinsa ba, aka ɗaure shi ba magani, har yanzu yana cikin haɗarinta. Ga kuma yashi, wanda ƙasarmu ke da shi a wadace. Dokin da ake zuba wa abinci a ƙasa yana haɗiye shi kaɗan-kaɗan, ya taru a babban hanji ya yi nauyi yana gurzar bango. Gwajinsa ba ya buƙatar kuɗi: a ɗebi kashin da bai taɓa ƙasa ba, a dama da ruwa a farar leda, a rataye, a ga ko yashi zai kwanta a ƙasa. Ita ledar ma a tsare ta daga barga, don doki na haɗiye ta.

Dole a faɗi cewa ba kowane ciwon ciki ke kaiwa nan ba. Wani bincike da hukumar aikin gona ta Amurka ta yi a 1998 ya gano cewa a cikin dawaki 100, ana samun ciwon ciki kimanin sau 4 a shekara, kuma kashi 11 cikin 100 na waɗanda ya kama ne suka mutu. Mafi yawa iska ce ko ɗan murɗa da ke wucewa. Wannan ne ma ke yaudararmu. An ɗura kanwa sau da yawa doki ya miƙe, sai a ɗauka kanwar ce ta yi aiki, alhali irin ciwon da zai wuce ne ko ba a yi komai ba. Ranar da na gaske ya zo, sai a bi shi da abin da aka saba, dare ya tafi a banza. Ɗurar ma kanta tana da haɗari. Tumbin da ya riga ya cika, ba ya kuma iya amai, ƙara masa ruwa na iya fasa shi. Man da aka ɗura da ƙarfi yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Likita ta hanci yake zura roba har tumbi, ya fara fitar da abin da ya taru, sai ya tabbatar hanya a buɗe take sannan ya zuba ruwa ko mai. Tsaga da zubar da jini kuwa, a jikin dabbar da jininta ya riga ya ragu ya yi kauri, ƙara mata ciwo ne.

Allurar kashe zafi ita ta fi damuna, saboda magani ne mai kyau da ya faɗa hannun kowa. Irin su Banamine suna rage raɗaɗi, suna kuma rage illar dafin, shi ya sa likitoci ke amfani da su. Amma likita kan auna bugun jini da dasashi kafin ya yi, ya sake aunawa bayan ya yi, kuma idan ciwo ya dawo da wuri ya san abin ya fi ƙarfin allura. Wanda ya yi ta a makance ya kashe muryar da doki ke faɗa masa halin da yake ciki da ita. Maimaita ta a jikin dokin da ya bushe yana lalata ƙoda, yin ta a tsoka maimakon jijiya kuma na iya jawo mummunan ruɓewar nama.

Tsoffin 'yan barga da na tarar ba su san sunan endotoksin ba, amma suna da abin da ya fi kare doki daga gare shi. Ba sa ba dokin da ya dawo da gumi hatsi sai ya huce ya sha ruwa. Ba sa sauya masa abinci rana ɗaya. Kullum da safe sai sun duba kashinsa, yawansa da laushinsa, kuma ba sa barin doki ya kwana biyu ba a motsa shi ba. Wannan ilimi ne ke tafiya tare da masu shi, yana barin barga a hannun yaran da ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Abin da zamani ya ƙara a kansa ɗan kaɗan ne kuma mai sauƙin koyo. Bugun jinin lafiyayyen doki 28 zuwa 44 ne a minti, ana jin sa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Dasashinsa ruwan hoda ne mai damshi, idan an danna launin na dawowa kafin daƙiƙa 2. Idan ka kara kunne a kwiɓinsa za ka ji ciki na ƙugi. Shiru ba alheri ba ne. Yana buƙatar ruwa lita 25 zuwa 40 a yini, a bazara ko bayan aiki fiye da haka nesa.

Tiyatar cikin doki ana yin ta a duniya, tana kuma ceton da yawa, amma tana buƙatar asibiti na musamman da isa cikin 'yan sa'o'i. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana horar da likitocin dabbobi tun shekarun 1960, tana da asibitin koyarwa, sai dai daga Dutse zuwa can tafiya ce mai nisa ga dabbar da hanjinta ya murɗe. Abin da ke hannunmu a nan shi ne gane ciwon da wuri, da shayar da jini ruwa kafin ya yi kauri. Jakar ƙarin ruwa ta mutane rabin lita ce ko lita ɗaya. Dokin da ya bushe yana buƙatar lita 20 ko fiye, don haka jaka biyu ko uku da ake ratayawa ba sa kai ko'ina. Idan cushewa ce kawai, ruwan da likita zai riƙa zubawa ta robar hanci ya fi arha, yana kuma aiki. Na'urar auna kaurin jini ƙarama ce, kusan duk ɗakin gwajin asibitin mutane yana da ita, ba ta kai kuɗin kayan adon doki ɗaya na hakimi ba.

Don haka ina kira ga Majalisar Masarautar Dutse da hukumomin lafiyar dabbobi na jiha da su haɗa hannu kafin Sallah mai zuwa: a tara 'yan barga a koya musu duba dasashi da ƙirga bugun jini, a auna jinin dawakin hawa a ba su maganin tsutsa tun da sauran lokaci, a kuma ajiye likitan dabbobi da kayan gwaji da wadataccen ruwan ƙari a kusa da fada har a gama hawa da kwanakin da ke biye. Kai kuma mai doki, ka nemi lambar likita ka ajiye tun yau. Idan dokinka ya fara tonon ƙasa yana waiwayen ciki, ka janye abinci daga gabansa, kada ka ɗura masa komai, ka ƙirga bugun jininsa. Idan ya haura 60, ko dasashi ya sauya launi, ko ciwon ya ƙi lafawa, ka kira likita a daren, kada ka bari sai gari ya waye.